Ƙwayoyin Usta Shehata

"Karanta mini," in ji Usta Shehata. Ya miƙo mini kwalbar tun ban ajiye jakata ba.

Na karɓa na jujjuya ta. Babu abin karantawa. An kankare takardar jikinta tas, sai ɗan danƙon da ya rage yana kama yatsa. A ciki ƙwayoyi ne farare ƙanana, gauraye da wasu masu ruwan ɗorawa.

"Me zan karanta, Usta? Ai ba rubutu."

"To, shi ne. Shekara talatin kina aikin jinya, Ummu Tamir. Kin taɓa ganin magani ya fito daga kanti tsirara?"

A kicin na ji ƙarar famfo ta tsaya. 'Yarsa Nermin ce take wanke-wanke, na kuma san ta kasa kunne.

"Na hanta ne," na ce. "Fararen na rage zafi, sauran na ƙarin ƙarfi. Juya mini in yi maka allurarka, ina da tukunya a wuta."

Bai juya ba. Ya tsura mini ido ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa yaran masaƙa a da idan sun ce masa inji lafiya lau yake. Shekara arba'in ya yi yana gyaran injinan saƙa a nan garin Mahalla, shi ya sa ake ce masa Usta, wato gwanin sana'a. Ana cewa tun daga bakin ƙofa yake jin wanda zai lalace gobe. A gidanmu mai hawa huɗu ma haka yake. Ni ina hawa na biyu, shi yana na uku, kuma a shekara ashirin da shida na maƙwabtaka ban taɓa kiran mai gyaran famfo ba. Kafin in lura da yoyo ya riga ya sauko da sifana.

Daga baya ya juya, na yi masa allurar. Ban yarda mun haɗa ido ba har na fita.

Mako uku kafin wannan ranar, ni na raka Nermin asibiti karɓo sakamakon hoto. Likitan ya bar Usta a kan benci, ya ja mu gefe a baranda. Ciwon daji ne a hanta, ya riga ya yaɗu, aiki ba zai yi amfani ba. Ya ce wata uku, ko huɗu idan Allah ya so. Abin da ya rage kawai a rage masa raɗaɗi.

Nermin ba ta yi kuka a wurin ba. Hannuna ta kama, ta matse har zobena ya shiga nama.

"Inna, ki yi mini alkawari don Allah. Ba zai ji ba."

"Nermin, mahaifinki ba yaro ba ne."

"Kin manta Mama? Wani likita ɗan bana-bakwai ya faɗa mata a fuska, ta juya ta kalli bango, kwana goma sha tara ta tafi. Ba ciwon ne ya kashe ta ba, fargaba ce. Kuma shi wannan wa ya ba shi sanin kwanan mutum? Allah ne? Idan muka faɗa wa Baba, mun yanke masa ƙauna daga rahamar Allah ke nan."

Ta kira yayanta Wa'il da ke aiki a Kuwait, ta sa mini wayar a kunne. Shi ma maganar ɗaya ce. Sai na yi alkawari. Na ce ba zan ambaci sunan cutar a gabansa ba. Aka gaya masa tsohon ciwon hantarsa ne ya motsa. Nermin ta baro gidan mijinta ta dawo wurinsa, ta zauna da wuƙa tana kankare takardun kwalabe.

Ba ni kaɗai ta ɗaure ba. Ta bi layinmu kaf. Dakta Girgis mai kantin magani na kan kwana ya sani, Shehu Mitwalli limamin masallacinmu ya sani, abokan hirarsa na gidan shayi sun sani. Kowa ya ɗauka sirri yake riƙewa, alhali a duk unguwar mai ciwon kaɗai ne ba a gaya wa ba.

Sai dai mutanen layinmu ba su iya ɓoye abu ba.

Wata safiya na same shi zaune a baranda, ya haɗe rai.

"Jiya na ci Hajji Bayumi a domino," ya ce. "Sau uku a jere."

"To madalla. Ina goron?"

"Shekara ashirin muna bugawa da wannan tsohon ɓarawon, bai taɓa bari na ci shi sau biyu a rana ɗaya ba. Jiya ina kallonsa, yana riƙe da abin da zai rufe wasan, ya ƙi ajiyewa. Da na ci, har tafi ya yi mini. Bayumi fa!"

"Wataƙila tsufa ya kama shi."

"Tsufan ya kama Shehu Mitwalli ma? Bayan sallar Juma'a ya dafa kaina ya yi ta addu'a har ƙafata ta yi sanyi. Lokacin da injin ya cire mini yatsa, 'Allah ya sawwaƙe' kawai ya ce." Ya ɗaga hannun hagunsa mai yatsu huɗu. "Na kai wa Girgis ƙwaya ɗaya, na ce ya faɗa mini sunanta. Mutumin da ke gane magani da ƙamshi. Sai ya kama goge tabarau, wai ƙwayoyi kama suke yi da juna. Ya ce in tambayi Nermin."

Na yi dariyar da ni kaina na ji ba ta fito daidai ba.

"Ke ma kin canza," ya ce a hankali. "Da kina shigowa da faɗa, kina cewa ruwan shanyarmu ya jiƙa miki kaya. Yanzu sai 'sannu Usta, ya jiki Usta.' Me kuka haɗa ne ku duka?"

"Ba abin da aka haɗa. Miƙo hannunka."

"Yau ba za a yi allurar ba."

Washegari ma ya ƙi. Bayan kwana huɗu na je tsinko na'ana'a a tukunyar da ke barandarsa, yatsana ya taɓo wani abu fari a cikin ƙasar. Na tona. Ƙwayoyi ne, sun fi ashirin, wasu sun fara narkewa. Yana zaune yana kallona, ko ƙifta ido bai yi ba.

"Usta, wannan fa ganganci ne."

"Ganganci shi ne mutum ya haɗiye abin da bai san sunansa ba. Idan na sha fararen nan sai in kwana har azahar, kaina kamar an cusa auduga. Wa ke son in yi ta barci? Me ake yi a gidan nan ina barci?"

"'Yarka kake zargi?"

"Ban zargi kowa ba. Tambaya nake yi, ba mai amsa mini."

Ya nuna mini teburinsa. Ya jera zuma, da habbatussauda, da 'yar jarkar ruwan zamzam da wani ya kawo masa tun bara, da ƙaramin cokali na awo. Komai a layi, kamar kayan aikinsa.

"Wannan na san abin da ke ciki. Ni nake aunawa da hannuna. Idan Allah ya sa waraka a ciki, to. Idan kwana ya ƙare, ƙwayar Nermin ba za ta ƙara mini minti ɗaya ba."

Nermin ta turo masa Shehu Mitwalli. Ina wurin lokacin da ya zo. Ya zauna ya yi nasiha mai kyau, cewa neman magani ba ya saɓa wa dogaro ga Allah, jiki kuma amana ne da za a tambayi mutum a kansa. Usta ya saurara har ƙarshe.

"Gaskiya ne, Shehu. To tunda amana ce a hannuna, faɗa mini abin da ke damun amanar."

Shehu ya dubi Nermin, ya dubi agogonsa, ya ce la'asar ta kusa.

Daga nan Nermin ta fara daka ƙwayoyin tana zubawa a abinci. Na hana ta, ta ƙi ji. Ran nan ta yi masa miyar lalo da zomo, abincin da ya fi so a duniya. Ya kai cokali ɗaya baki, ya tauna a hankali, ya ajiye.

"Akwai ɗaci."

"Tafarnuwa ce ta ƙone, Baba."

"Uwarki ta ƙona tafarnuwa shekara talatin. Na san ɗacinta."

Tun daga ranar bai sake cin abin da ta dafa ba. Sai dafaffen ƙwai wanda zai ɓare da kansa, da burodin da zai sauka ya sayo da ƙafarsa, da shayin da ya tsaya a kai har ya tafasa. Kofinsa ma ɗaki yake shiga da shi. Jallabiyarsa ta fara lilo a jikinsa, idanunsa suka yi ɗorawa. Da rana tsaka, daga ɗakina, ina jin takunsa a saman silin, daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa. Na yi jinyar masu irin wannan ciwon da yawa. Na san abin da ke hana su zama.

Nermin ta sauko ta same ni ina tsintar shinkafa. Ba ta zauna ba.

"Inna, me kika faɗa masa?"

"Ni? Ba abin da na faɗa."

"To me ya sa ke kaɗai yake bari ki shiga ɗakinsa? Jiya na ji kuna magana ƙasa-ƙasa, ina shigowa kuka yi shiru."

"Cewa nake ya sha magani. Nermin, ki dube shi mana. Ciwo yana cinsa ba ko ƙwaya ɗaya a cikinsa, ga yunwa. Abin da kike gudu ai shi muke yi masa da hannunmu."

"Aƙalla yana tashi, yana faɗa, yana zuwa masallaci. Mama ko magana ba ta sake yi ba. Ubana yana tsoron abincina, Inna. Kin san yadda wannan yake? Amma na gwammace ya tsane ni da rai. Kin yi alkawari da sunan Allah, kar ki manta."

Ta hau sama. Daga ranar idan na shiga gidan sai ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ta harɗe hannu, har in fito. Shi yana zarginta, ita tana zargina. Ni kuma na fara zargin ya riga ya sani, gwada mu kawai yake yi ya ga wanda zai fara yi masa gaskiya. Idan na yi sallah sai in rasa abin da zan roƙa: a yafe mini ƙaryar da nake yi, ko a tsare ni daga karya alkawari.

Ranar wata Lahadi da hantsi, Nermin ta tafi makarantar da take koyarwa, na ji an ƙwanƙwasa ƙofata. Na buɗe na gan shi zaune a kan matakala, yana haki, ya dafe cikinsa ta dama. Hawa ɗaya kawai ya sauko, amma gumi ya jiƙa masa wuya.

"Bari in kawo maka kujera."

"Bar ni a nan. Ki bar ƙofar a buɗe, kar matar Bayumi ta samu abin faɗa." Ya ɗan murmusa. Ya numfasa. "Ummu Tamir, ba zan sa ki rantse ba. Na san yarinyar nan ta ɗaure ki, na ga alama. Ba zan tambaye ki sunan komai ba."

Na tsaya riƙe da ƙofa.

"Kin san ina da ƙanwa a Disuk?"

Na sani, amma ban taɓa ganinta ba. Ko a rasuwar matarsa ba ta zo ba.

"Aziza. Shekara ashirin da takwas ba ta yi mini magana ba. Lokacin da mahaifiyarmu ta kwanta ciwon ajali, Aziza tana da tsohon ciki, ga hawan jini. Ni na hana a gaya mata. Kullum ta kira sai in ce Mama ta samu sauƙi, tana barci. Na ce ai ni na san abin da ya dace da kowa. Ta iso mun dawo daga maƙabarta." Ya goge fuskarsa da hannun riga. "Ta ce mini, 'Ka sace mini uwata.' Ni kuma girman kai ya hana ni bin ta. Kullum ina cewa sai an samu lokaci."

Ƙasa a titi mai sayar da iskar gas yana buga tukunyarsa da ƙarfe.

"Na yi niyyar in je bayan babbar sallah, idan na ji ƙarfi. Saura wata huɗu ke nan. Ba na son in je mata a haka, kamar mai neman tausayi. To ke ma'aikaciyar jinya ce. In jira in warke, ko in tafi yanzu?"

Na daɗe ina kallon hannunsa a kan gwiwarsa. Na tuna Nermin a barandar asibiti. Na tuna kuma ni ma wata rana zan kwanta, 'ya'yana su tsaya a bayan ƙofa suna raɗa.

"Ka tafi cikin makon nan, Usta."

Bai motsa ba. Sai ya gyaɗa kai sau biyu, a hankali, kamar wanda ya gano inda ƙarar inji take fitowa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. Can ya sake cewa, "Alhamdu lillahi. Na ɗauka haukacewa nake yi."

Ya share ido da bayan hannu. Da ya ɗago, muryarsa ta koma irin ta da.

"Fararen nan, su ne na raɗaɗi?"

"Su ne."

"Ba za su ɗauke mini hankali ba? Ina son in yi sallah na san abin da nake karantawa."

"Idan aka raba su daidai, ba za su ɗauke ba. Rabi da safe, rabi da la'asar, ɗaya lokacin kwanciya. Za mu gwada mu gani."

"Kawo takarda da alƙalami."

A nan kan matakala ya ja layuka, ya rubuta lokuta, ya sa ni na rubuta masa aikin kowace ƙwaya a gefe. Ya ce kwalbar za ta zauna a aljihunsa, shi zai riƙa ƙirgawa. Da zai tashi ya riƙe ƙarfen matakala ya ce, "Yarinyar nan kar ta san mun yi wannan maganar. Ta ɗauka tana kare ni ne. Bar ta da abinta."

Da Nermin ta dawo ta same shi a kicin yana buɗe tukwane.

"Wai ba abinci a gidan nan ne? So kike yunwa ta kashe ni?"

Ta sauko da gudu ta faɗa mini, tana dariya tana hawaye. Ta ce addu'ar Shehu Mitwalli ce ta karɓu. Amma da ta kai bakin ƙofa sai ta juyo ta dube ni, dariyar ta ragu. Sannan ta hau sama.

Ranar Laraba suka hau ƙaramar bas zuwa Disuk, shi da ita. Nermin ce ta ba ni labari daga baya. Aziza ta buɗe ƙofa ta gan shi, ta bar shi tsaye ya kai minti biyar. Sannan ta matsa gefe. Ta kawo shayi, ta zauna nesa da shi. Ya ce, "Na zalunce ki, Aziza." Ta ce, "Ka zalunce ni." Ba ta ce ta yafe ba. Ta tambaye shi ko har yanzu cokali uku na sukari yake sha. Da la'asar suka juyo.

Bayan kwana huɗu sai ga wata gajeriyar mata mai baƙaƙen kaya tana hawa matakalarmu, jaka a ka, agwagwa mai rai a hammata. Ta tsaya a ƙofata tana haki.

"Nan ne gidan Shehata mai taurin kai?"

"Hawa na gaba, Hajiya."

Ba ta koma Disuk ba sai bayan komai ya wuce.

Ya yi mako bakwai bayan haka. Ya koma gidan shayi sau biyu, ya zagi Hajji Bayumi a gaban kowa, ya ce idan ya sake bari aka ci shi da gangan zai fasa masa allon a ka. Ya sa Wa'il ya ɗauki hutu ya zo, wai akwai famfon da yake son nuna masa yadda ake gyarawa. A gaban Nermin kullum maganarsa ɗaya ce: idan ya warke zai yi wa barandar fenti. Ita kuma sai ta ce shuɗi za a yi. Ni ina haɗa allura, ina jin su, ba na ɗaga kai.

Ya rasu ranar Talata wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Aziza tana riƙe da kansa tana laƙƙana masa kalmar shahada, yana bin ta. Nermin tana riƙe da ƙafafunsa. Da safen nan ma sai da ya sa alama a takardarsa, ko da yake layin ya karkace.

A rana ta uku ta zaman makoki, bayan mata sun watse, Nermin ta same ni a kicin ina wanke kofunan gahawa. Takardar tana hannunta. Ta same ta a aljihun jallabiyarsa.

"Wannan rubutun Baba ne. Amma wannan na gefe naki ne, Inna."

"Nawa ne."

"Kin gaya masa."

"Ban taɓa ambatar sunan cutar a gabansa ba. Allah ne shaidata."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Na ci gaba da ɗauraye kofin da ke hannuna.

"Fentin baranda," ta ce. "Mako bakwai yana yi mini maganar fenti." Ta ninke takardar, ta sa a ƙirjinta, ta fita.

Har yau ba mu sake tayar da maganar ba. Muna gaisawa a matakala. Wani lokaci ta ce "Inna," wani lokaci ta ce "Ummu Tamir," ban san wanne zan samu ba sai ta buɗe baki.

Ranar da Aziza za ta koma Disuk, na fito baranda da hantsi na gan su a sama su biyu suna shanya. Jallabiyoyinsa ne suka wanke za a bayar sadaka, guda biyar, farare uku da masu ruwan toka biyu. Aziza tana miƙawa, Nermin tana maƙalawa. Ruwan yana ɗiga a kan ƙarfen barandata, ɗis, ɗis. Na jawo kujera na zauna a wurin har ya tsaya.